Macijin da Ya Shanye Ruwan Gari da Muryar Yayanku

Hindatu, Nura, da ku jikokina idan Allah Ya raya ku kuka iya karatu, wannan babin na shekarar da yayanku ya bar gida ne. Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin a tsakaninku, kuna rage murya idan na shigo, wai babanku, Allah Ya jiƙansa, shi ya kore shi saboda wasan dodanni. Ba haka aka yi ba. Kuna ƙanana a lokacin, abin da kuka gani da idonku kaɗan ne, sauran a bakin maƙwabta kuka tsinta. Ni da aka yi komai a gabana zan faɗa muku, da wannan rubutu nawa na ajin yaƙi da jahilci, wanda ba ya sauri. Ku yi haƙuri da shi.

Kun san shi ne ɗana na fari, kun kuma san yadda aka raine mu a Rogo. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Da na zo Ƙaraye gidan babanku da wannan tarbiyyar na zo, ban ajiye ta ba. Idan zan aike shi sai in kalli wani wuri in ce, a ɗebo mini ruwa mana, shi kuma ya miƙe ya ɗauki bokiti. Ku 'yan yanzu abin dariya ne a wurinku, amma mu ba rashin so ba ne, son ne ya yi yawa ake rufe shi. Sai kuma Allah Ya haɗa wannan kunya tawa da in'inarsa. Tun yana ƙarami harafi yake maƙale masa a wuya, ya runtse ido, ya buga ƙafa, kafin maganar ta fito yara sun riga sun kwashe da dariya. Da ya girma sai ya daina kokawar. A kasuwa nuni yake yi da yatsa, a gida ya gyaɗa kai. To ni al'ada ta hana ni, shi harshe ya hana shi. Na san takunsa tun daga bakin titi, na san tarinsa, na san yadda yake ajiye buta. Muryarsa kuwa ban santa sosai ba.

Da ya gama karatunsa a Kano ya dawo, babanku ya yi ta zirga-zirga har ya samar masa aikin buga takardu a sakatariya, aikin da ba a bukatar baki. Na yi murna ƙwarai. Na ce shi ke nan, ga shi a gabana, zai yi aure nan kusa, in goya 'ya'yansa. A cikin kayan da ya dawo da su akwai wata 'yar jakar yadi, cikinta 'ya'yan lido ne, sai dai ba irin waɗanda muka sani ba, wasu fuskokinsu da yawa kamar an fere su da wuƙa. Ranakun da babu aiki, bayan la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya tara ku da samarin unguwa. Ya zana gari da daji da duwatsu a bayan tsohuwar kalanda, kowa ya ɗauki murfin kwalba ya zama shi ne mutuminsa, wannan maharbi, wannan maƙeri, ke Hindatu kullum sai kin zama mai maganin gargajiya. Shi ne mai ba da labari, amma ba irin tatsuniyarmu ba da ake sauraro a yi shiru. Nan sai ya tsaya ya tambayi kowa abin da zai yi, mutum ya faɗa, a jefa ɗan lido, idan ya faɗi da kyau abin ya yiwu, idan ya faɗi ba daidai ba mutum ya zame ya faɗa rami, zaure ya ɗauki ihu.

Ban san duk wannan ba a farko. Lokacin kaka ne, ina zaune ta cikin gida jikin bangon zauren ina ɓare gyaɗa, sai na ji wata murya mai kauri, a natse, kamar ta dattijo mai ji da kansa.

“Wane ne wannan da ya taka mini wutsiya, ko sallama bai yi ba? Ku matso in gan ku. Kai mai baka, hannunka rawa yake yi, ajiye ta kafin ka harbi ɗan'uwanka.”

Babu inda ta tsaya, babu inda ta yi tuntuɓe. Na gyara mayafi, na ɗauka baƙo aka yi. Da aka tashi na kira ki.

“Hindatu, wane baƙo ne a zaure ba a kai masa ruwa ba?”

“Baƙo kuma, Inna? Yaya ne fa. Shi ne diragon.”

“Shi ne me?”

Kika zauna kina yi mini bayani da hannu da ƙafa. Wai dodon Turawa ne, ƙaton ƙadangare mai fukafukai, yana hura wuta ta baki, yana kwance a kogo a kan tulin zinariya, ba ya ci ba ya bayarwa. Wai na mutanen Sin kuma dogo ne ba shi da fiffike, shi ruwa yake kawowa. Ina jin ki da kunne ɗaya. Hannuna yana cikin gyaɗa amma na kasa ɓare ko ɗaya, don tun da na haife shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba.

Daga ranar na mayar da aikina gindin bangon nan. Tsinta, tankaɗe, gyaran zogale, duk a nan. Wata rana yana tsakar gida yana wanke babur, ni ina bakin murhu, sai na ce wa tukunya, ba shi ba:

“Dodo dai a ce ƙadangare. Mu a Rogo namu Masharuwa ne. Maciji ne, a cikin suri yake kwana. Idan hadari ya haɗu ya ga dama sai ya miƙe tun daga ƙasa har sama, jikinsa ja da kore da ɗorawa, ya kafa baki ya shanye ruwan. Shi ya sa in ya fito ruwa yake ɗaukewa. Kakata ta hana mu nuna shi da yatsa.”

Na ji soson ya tsaya a jikin babur. Bai juyo ba, ni ma ban juya ba. Mun san bakan gizo ikon Allah ne, labarin yara ne kawai irin na mutanen da. Amma mako na zagayowa sai ga Masharuwa a zaurenmu, ya shanye ruwan wani gari, rijiyoyi sun ƙafe, an tura maharbi da maƙeri su nemo shi. Kuma ba a isa a kashe shi ba, don in aka huda cikinsa ruwan zai cinye garin gaba ɗaya. Daga nan kika zama 'yar aike a tsakaninmu.

“Inna, Yaya ya ce a tambaye ki, da rani ina yake zuwa?”

“Ki ce masa rijiya mai zurfi yake bi, wadda ba a ganin ƙasanta.”

“Ya ce yana da mata?”

“Ki ce masa ban taɓa ji ba. Ƙila shi ya sa yake da fushi.”

Na ji dariyarsa daga ɗaki. Abin da na tuna na faɗa, abin da na manta na ƙirƙira, Allah Ya yafe wa kakata da ni. Da yamma kuma in ji maganata ta dawo mini ta bayan bango, ta yi kauri, ta yi ado. Wannan ita ce hirar da na taɓa yi da yayanku mafi tsawo, kuma ko sau ɗaya ba mu haɗa ido ba.

Matsalar daga rijiya ta fara. Wani yaro cikin masu wasan ya koma gida ya ce wa uwarsa an jefa abu a zauren Malam, wato babanku, an ce rijiya za ta ƙafe. Rijiyar unguwarmu kuwa kowace bazara sai ta ja baya, tun kafin a haifi yayanku, amma a shekarar nan sai aka tuna da maganar yaron. Aka fara haɗa ɗaya da ɗaya. Saurayin da ba ya iya amsa gaisuwa, ya watsa wasu abubuwa a ƙasa, ya duba, ya faɗi abin da zai faru, da muryar da ba tasa ba. Ku da kanku kun san sunan da za a ba wannan a garinmu. Har wata tsohuwa ta shigo mini da sassafe, ta gama gaisuwa, ta matso.

“Ko yaron nan naki zai ɗan watsa mini? Tunkiyata ce ta ɓata tun shekaranjiya.”

Na ce mata wasa ne, ta ce ai ta sani, ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai ga Baffa Sale, yayan babanku, ya zo da kansa. A tsakar gida ya tsaya, bai ko zauna ba, ya dubi babanku.

“Kai ne kake jan salla in liman ba ya nan, kuma a zaurenka ake duba? In caca ce a faɗa mini, in iska ce ta shige shi a nemo masu ruƙiyya. Amma ba za a ce gidan ubanmu ya zama haka ba.”

Babanku ba mai yanke hukunci a kan ji-ta-ji-ta ba ne. Ya ce zai gani da idonsa. Ranar Asabar kuna tsakiyar wasa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarma. Kai Nura, kana ƙarami ba ka san tsoro ba, kai ka miƙa masa murfin kwalba.

“Baba, za ka zama jarumi mai takobi?”

“Ni da takobi? Manomi nake, a bar ni a manomina. Ina fartanyata?”

Aka ba shi fartanya. An riga an isa bakin ramin macijin, samari duk sun ɗana kibau. Aka ce Baba me za ka yi. Ya gyara zama ya yi gyaran murya.

“Salamu alaikum, mai gidan nan. Mun same ku lafiya? Ina gajiya? Yaya zafin nan?”

Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa na ce yau in'ina za ta kama shi a gaban ubansa. Sai muryar ta fito, a hankali.

“Amin, alaikumus salam. Gajiya ta bi lafiya. Tun da aka sari garinku kowa da mashi yake zuwa mini. Kai ne na farko da ya zo da gaisuwa. Zauna, manomi, amma kada ka jingina da wannan, haƙarƙarina ne ba dutse ba.”

“To madalla. Ni ba faɗa ya kawo ni ba. Gerona ya bushe a tsaye. Me muka yi maka ka shanye mana ruwa?”

“Ƙishirwa nake ji, manomi. Kakanninku sun haƙa rijiya a kan tafkin da nake sha, suka ɗora mata murfi. Wa ya tambaye ni?”

“Wannan kam ba a kyauta ba. Amma kai ma ka yi yawa. Ko saniya in ta sha tana bar wa 'yan baya.”

Haka suka yi ta ciniki, a buɗe maka rijiya da rani, kai kuma ka saki damina. Aka ba babanku ɗan lido ya jefa, ya faɗi da kyau, samari suka yi ta tafi. Har ladan ya fara gyaran lasifika ba su tashi ba. Da ya shigo yin alwala na zuba masa ruwa a buta, ya riƙe ta bai motsa ba.

“Ashe haka muryarsa take,” in ji shi.

Ya ce babu caca a ciki tunda ba wanda ya sa ko ƙwayar gyaɗa, babu duba tunda kowa ya san ƙarya ake shiryawa tare, tatsuniya ce da ake shawara da masu sauraro. Ya faɗa wa Baffa Sale haka, ya faɗa a ƙofar masallaci. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai ga shi nan, har uban an shanye. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Ranar da liman ya yi tafiya babanku ya shiga gaba, ya sallame ya waiga, ya ga sahun ya rage, dattawan da suka yi shekaru suna bin sa sun tafi wani masallacin. Bai faɗa mini ba, a bakin mata na ji. Ya yi ta juyi da abin har ya rame. Daga baya ya kira yayanku, ina daga ɗaki ina ji.

“Na san babu komai a cikin wasan nan, ni shaida ne. Ba umarni nake ba ka ba, alfarma nake nema. Ka ajiye shi.”

“T-t-to, Baba.”

Iyakar abin da ya faru tsakaninsu ke nan. Babu tsawa, babu zagi, babu kora. Ku riƙe wannan.

Ya naɗe kalandarsa, ya sa jakar a ƙasan akwati. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma. Ya tafi sakatariya da safe, ya dawo, ya ci tuwo, ya shiga ɗaki. Na aika ki, Hindatu, ki ce masa ku yi a cikin ɗaki ku kaɗai, ba wanda zai ji. Ya girgiza kai, ya riga ya ce wa ubansa to. In'inar ta dawo fiye da da, har sallama in zai shigo sai ya tsaya ya buga ƙofa da hannu maimakonta. Ni kuma ƙafata ta saba, la'asar na yi sai in ga na ɗauki faifai na nufi gindin bango, in zauna, babu abin da ke zauren sai kaji. Ga ɗana a gabana kullum, ina ganin sa, ina zuba masa abinci, kuma kewarsa nake ji kamar wanda ya yi tafiya.

Wajen ƙarshen damina kika zo mini da labari, wai abokansa na Kano da suka koya wasan tare suna ta bugo masa waya. Sun haɗu suna shirya irin wasan nan na cikin waya, suna neman mai tsara musu labari, kuma ya ce musu a'a, ba zai bar gida ba. Na kwana biyu da maganar a cikina, sannan na sami babanku.

“Malam, yaron nan a bar shi ya tafi.”

Sai ya ce mini:

“Kin san in ya tafi ba zai dawo ya zauna ba.”

“Na sani.”

“Ni na roƙe shi ya yi shiru. Ba ni da bakin da zan ce masa kuma ya tafi, sai ya ɗauka gajiya na yi da shi. In kin iya, ki faɗa masa.”

Ta yaya zan iya? A tsakar gidan nan ban taɓa ce masa ko yaya aiki ba. Sai na ce zan je Rogo gaida ƙanena, Kawunku Ilu, a kai ni a babur. Muka kama hanya da hantsi, dawa ta yi kai a dama da hagu, hanyar duk kwazazzabai, yana ta kauce wa taɓo. Ina zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa, na ga cewa in ban faɗa a nan ba, inda ba ya ganin fuskata, ba zan taɓa faɗa ba. Ga ƙarar inji, ni kuma kun san muryata. Na faɗa sau ɗaya iska ta tafi da ita. Sai na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba.

“Kai! Ka tafi Kano wurin abokanka!”

Ya taka birki har na dafa kafaɗarsa. Ya kashe babur a gindin wata ɗorawa, bai sauka ba, bai waigo ba.

“I-I-Inna, k-k-korata kike yi?”

“Ba korarka nake ba. Na ji ka a zaure, tun kakar bara ina bayan bango. Babanka ma ya yarda. Na fi son in ji ka daga nesa da in zauna ina kallon ka ka yi shiru.”

Na ga bayan rigarsa yana rawa. Wani mai amalanken shanu ya wuce ya yi mana sannu, ya ɗauka mai ne ya ƙare. Daga baya ya share fuska da hularsa, ya tayar da babur, muka ƙarasa Rogo.

Ranar tafiyar babanku ne ya ɗauki jakarsa da kansa har tasha. Fuskarsa a ɗaure take don kada ya yi kuka a gaban mutane, su kuma da suka ga haka suka ce Malam ya kori ɗansa, ya wanke gidansa. Sahu ya sake cika. Na ce masa ya ƙaryata, ya ce in bar su, gara a ce shi ne da a ce uwa ta tura ɗanta na fari duniya, don ni mata ba za su bar ni in sha ruwa ba. Ya ɗauki wannan sunan har kabarinsa, har a wurin 'ya'yansa.

Abin da ya faɗa kuwa ya tabbata. Daga Kano sai Legas. A can ya yi aure, a can aka haifi jikokina, ban goya ko ɗaya ba, Hausarsu ma sai an lallaɓa. In'inar ba ta bar shi duka ba, amma yanzu in harafi ya maƙale yana jira ya wuce, ba ya fasa maganar. Ɗakinsa na nan, na sa an zuba buhunan gyaɗa a ciki don in daina leƙawa.

Da ya zo rasuwar babanku, safiyar da zai koma, ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in bi shi Legas. Na ce ina zan kai tsufana, a bar ni kusa da kabarin Malam. Sai ya kama ba ni labari, na cunkoson motoci, na haƙoran ƙaramar 'yarsa, na wani maƙwabcinsa mai kiwon agwagi a saman bene. Direba yana waje yana ta danna hon, kai Nura ka leƙo ka ce rana tana yi. Ni kuwa duk ya kai ƙarshen magana sai in ce, sai kuma aka yi yaya? Ya ci gaba. Har direban ya gaji ya shigo zaure da kansa.

Don haka in ya bugo waya kuka miƙo mini, kuka ga na kara ta a kunne na yi shiru, kada ku karɓe ku ce masa Inna ba ta da abin faɗa. Ku ja mini ƙofa, ku bar ni da shi.